Koyar da Yara Turanci ta Hanyar Aikin Hannu

Wani lokaci uba ya kan leƙa makaranta ya iske ɗansa zaune yana murza yumɓu. Sai ransa ya ɓaci, ya kai kuka wurin dagaci ko hakimi, ya ce shi karatu ya kai ɗansa, ba wasan ƙasa ba. Waɗansu har su kan janye 'ya'yansu saboda haka. Ya kamata hakimai da malamansu su san amsar da za su bayar.

Ga yadda abin ya ke. Yaro ƙarami ba ya daɗewa da kalmar da ya ji da kunne kaɗai, amma abin da ya yi da hannunsa da wuya ya manta da shi. Don haka malami ya kan raba wa yara yumɓu, ya gina tukunya a gabansu yana faɗin sunanta da Turanci, watau "pot", su kuma suna ginawa suna maimaitawa. In sun gama sai ya tambaye su da Turanci wace ce babba, wace ce ƙarama, guda nawa ne. A zama ɗaya yaro ya koyi suna da siffa da ƙidaya, ba tare da an fassara masa ba. Ko yaro mai jin kunya, in aka nuna abin da ya gina, sai bakinsa ya buɗe.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1907 wata likita, Maria Montessori, ta buɗe makarantar yara a birnin Rum na ƙasar Italiya, inda yara su ke bin siffar haruffa masu kaushi da yatsa kafin su riƙe alƙalami. A Kano ma, makarantar da Hans Vischer, watau Ɗan Hausa, ya kafa a Nasarawa a 1909 ta haɗa karatu da sana'o'in hannu.

Aikin ba ya cin kuɗi. Yumɓu da kara da gawayi da jar ƙasa duk suna nan a kowane ƙauye. Inda iyaye ba su son a siffanta abu mai rai, sai a gina tulu ko rumbu, ko a zana ganye. Amma fa akwai sharaɗi guda: malami ya riƙa magana da Turanci yana sa yara amsawa. In ya raba yumɓu ya koma gefe ya yi shiru, to, gaskiyar uban nan ce, wasa ne.

Saboda haka in hakimi ya fita rangadi, ya dace ya shiga aji tare da masu kukan, ya ɗauki abin da yaro ya gina, ya ce ya faɗi sunansa da Turanci. Gani ya kori ji.