Ma'anar kalmar "safest" da yadda ya kamata a fahimce ta da Hausa

Mai fassara sanarwar gwamnati ko ta jami'an tsaro a Jos ba ya rabuwa da kalmar Turancin nan "safest". Tushenta "safe" ne, ana furta shi "sef", kuma ba ruwansa da safen da Bahaushe ke gaisuwar ina kwana a cikinta, ko da yake rubutunsu ɗaya. Ana faɗinsa ne ga abin da ba a fargabar cutuwa a cikinsa. Idan aka gwada abu biyu sai a ce "safer". Idan sun kai uku ko fiye, wanda ya zarce sauran shi ne "safest".

Hausa ba ta amfani da ɗafa-ƙeya wajen wannan aiki, aikatau "fi" ne ke ɗaukar nauyinsa, shi ya sa muke cewa "mafi aminci" ko "ya fi ko'ina aminci". Wahalar tana wajen zaɓen sunan da zai biyo baya, domin kalmar ta haɗa abubuwan da Bahaushe ke rarrabewa. Hukumar da aka kafa a 1988 don lura da hanyoyin mota, Hukumar Kiyaye Haɗurra muke kiranta. Ita kuwa rundunar "Operation Safe Haven" da aka girke a Jos a 2010, rundunar tsaro ce. Saboda haka idan aka ce wa matafiyi daga Jos zuwa Abuja ga hanyar da take "safest", sai ya tambaya: daga 'yan fashi, ko daga irin haɗarin da manyan motoci ke yi a gangaren Hawan Kibo? Hanya takan tsira daga ɗaya ba ta tsira daga ɗayan ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne mayar da kalmar "babu haɗari ko kaɗan". Ba haka take nufi ba. Gwaji kawai take yi tsakanin abubuwan da ke gaban mai magana, kuma ko a cikin munanan hanyoyi uku akwai mai dama-dama. Haka nan "one of the safest", wadda jami'ai suka fi so, ma'anarta "ɗaya daga cikin mafiya aminci". Wanda ya yar da "ɗaya daga cikin" ya ɗora wa jami'i maganar da bai yi ba.

Mutanen Jos ba sa bukatar dogon bayani a nan. Kirarin jiharsu shi ne gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, kuma an daɗe ana lissafa garin cikin mafiya kwanciyar hankali a ƙasar, kafin rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba, 2001. Na 2008 da na 2010 suka biyo baya, sannan tagwayen bama-bamai na kasuwar Taminus a ranar 20 ga Mayu, 2014, inda mutane fiye da 100 suka rasu. Tun daga lokacin, in aka ce wata unguwa ta fi aminci, mazaunin Jos yakan nemi jin da wacce aka gwada ta, da rana ko da dare, kuma a wace shekara.