Ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan talakawa a Lome: ina kuɗin ke tafiya?

Tun shekarar 2008 gwamnatin Togo ta soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. To, me ya sa har yanzu iyaye a unguwannin Avédji da Zangon Lome ke neman mai tallafa wa 'ya'yansu?

Dalili shi ne abin da sokewar ba ta taɓa ba. Kayan makaranta na kaki, littattafai, jaka, takalmi da kuɗin karin kumallo duk suna wuyan uba. Ga kuma takardar haihuwa, wadda rashinta kan hana yaro zana jarrabawar CEPD ta kammala firamare. Mai 'ya'ya biyar da ke tallar goro ko tuƙa zemijan (babur ɗin haya), idan Satumba ta zo sai ya zaɓi wanda zai fara saya wa. Sau da yawa 'ya mace ce ke jira.

Masu tallafi iri biyu ne. Na farko, ƙungiyoyin waje irin su Plan International suna haɗa yaro da mai ba da gudummawa duk wata daga Turai ko Amurka, amma kuɗin galibi ayyukan al'umma yake shiga, ba aljihun iyaye ba. Wannan kan ba wasu mamaki.

Na biyun ya fi tsufa a Zango: attajiri ko maigida ya ɗauki nauyin ɗan maƙwabci, ko a ware wani abu daga zakka. Matsalarsa ita ce yankewa idan kasuwa ta faɗi. Don haka wanda zai ɗauki nauyin yaro, ya yi lissafin shekara shida na firamare tun daga farko.