Mizanin Matsi a Cikin Inji

 Shirinmu na yau ya yada zango a Birnin Gwari.

Duk wanda ya taɓa barin Kaduna ya bi ta Buruku da Udawa, ya ratsa dajin nan da ya haɗe da gandun Kamuku, ya ga yadda direba ke kasa kunne ga kukan injinsa kamar mai jinya a gefen majinyaci, ya san cewa a wannan hanya lafiyar mota babbar ni'ima ce. Saboda haka idan inji ya gaji, aka sauke shi domin a sa masa sabbin fistin da ringi, akwai mas'ala guda da ta cancanci nazari, wato gwargwadon matsin da za a bar masa.

Ga bayaninta a taƙaice. Idan fistin ya sauka, silinda kan cika da iska gauraye da fetur; idan ya hau, sai ya tattara su cikin ɗan sarari a ƙarƙashin tof, wato murfin silinda, inda fulogi ke kunna wuta. Nisbar babban sararin ga ƙaramin ita ce mizanin matsi. Galibin injinan fetur suna tsakanin 8 da 11, na dizal kuwa sukan haura 15, shi ya sa ba su bukatar fulogi.

To, ina haɗarin yake? Idan mota ta yi zafi har tof ya lanƙwashe, al'ada ce a kai shi a aske. Ɗauki injin Peugeot 504 mai lita biyu, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975: askin milimita ɗaya tak yana iya ɗaga matsinsa daga wajen 9 zuwa kusan 10, alhali mai motar bai sani ba, wataƙila ma wannan ne aski na biyu. Da fari zai yi murna, domin motar ta ƙara ƙarfi, ta rage shan mai. Amma fetur yana da haddin matsin da yake jurewa, wanda ake aunawa da lambar okten, kuma namu na gidan mai bai wuce matsakaici ba, balle na 'yan bumburutu da Allah kaɗai Ya san abin da aka gauraya masa. Idan matsi ya ƙetare wannan haddi, ga zafin bazara, ga lodin masara, ga hawa, sai ragowar man ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wadda in ta dawwama takan farfasa ringi, ta cinye kan fistin.

Hujjar direban da ke son matsi mai yawa ba ta ɓoyu ba, domin shekarun da 'yan bindiga suka addabi wannan hanya sun koya masa son motar da ke amsa kira nan take. Sai dai hankali yana hukunta cewa motar da ta rage gudu kaɗan ta isa gida ta fi wadda ta yi fiffike ta mutu a tsakiyar daji.

Nasiharmu ga makanikai ita ce a auna kafin a ɗaura. Sirinji da ɗan mai da gilashi mai huda sun isa a san girman sararin tof. In ya ƙanƙance, a nemi gasket mai kauri, ko a sauya tof ɗin a kasuwar Panteka, sa'an nan a daidaita taimin, a wanke lagireto.

Malam bakanike, motar da aka bar maka amana ce, haka rayukan da za su shige ta. Allah Ya kai matafiya lafiya. Sai mako mai zuwa, in sha Allahu.