Awon Jini Kafin Ƙarin Magani Ga Masu Kumburin Hanji

Daga Wakilinmu a Sakkwato

A birnin Sakkwato, in mutum ya fara ganin jini a bayan gidansa, sunaye biyu ne kan zo bakin jama'a, ko a ce atuni ne, ko a ce basir. Sai a nufi kemis, ko a jiƙa sassaƙe, kuma sau da yawa akan dace. Amma akwai waɗanda ba sa dacewa. A yi wata shida, a yi shekara, gudawa ba ta tsaya ba, ga majina da jini, ga murɗar ciki, mutum sai ramewa yake yi. A cikin irin waɗannan ne akan sami masu ciwon da likitoci ke kira daɗaɗɗen kumburin hanji.

Ciwon iri biyu ne. Akwai mai cin babban hanji kaɗai, wanda wani likitan Ingila, Samuel Wilks, ya bayyana a 1859. Akwai kuma mai iya kama ko'ina daga baki har dubura, wanda ya ci sunan Burrill Crohn, likitan Amurka da ya yi rubutu a kansa tare da abokan aikinsa biyu a 1932. Ba ɗaukarsa ake yi daga wani ba. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa hanjinsa. An daɗe ana ganin ciwon Turawa ne, amma asibitocin koyarwa na ƙasar nan sun sha ba da rahoton samunsa, a manya da yara.

Akan fara da ƙwayoyi irin su sulfasalazine da prednisolone. In sun kasa, sai a koma ga magungunan da ake samarwa daga ƙwayoyin halitta masu rai. Na farkonsu shi ne infliximab, wanda Amurka ta amince da shi don ciwon Crohn a 1998. Aikinsa shi ne ya ɗaure wani sinadari mai suna TNF, wanda ke rura wutar kumburin. Ta hanyar ƙarin ruwa ake ba da shi, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin majiyyaci, ran farko, da mako na 2, da mako na 6, sa'an nan kowane mako 8. Ɗan'uwansa adalimumab allura ce ta ƙarƙashin fata, duk mako biyu.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Mutum biyu masu nauyi ɗaya za su karɓi magani daidai wa daida, amma bayan mako 8 a tarar jinin ɗaya cike yake da shi, na ɗayan kuwa wayam. Hanjin da ya yi gyambo tamkar randa ce mai tsaga, watau maganin kan tsiyaye ya bi bayan gida. Daɗin daɗawa, wani sashe na infliximab daga ƙwayoyin jikin ɓera aka samo shi, saboda haka jikin waɗansu kan ɗauke shi baƙo, ya ƙera masa makaman da za su kashe ƙarfinsa. Ta haka ne mutumin da ya ji sauƙi bara zai wayi gari bana ciwo ya dawo, alhali kuwa bai taɓa tsallake ranar asibiti ba.

Awon jini ne ke raba gardama. Ana ɗibar jinin ne dab da za a ɗaura sabon ruwa, sa'ad da maganin ya yi ƙasa iyakar yinsa, kamar yadda mai hankali ke gwada rijiya da bazara, ba da damina ba. A 2017 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ba da shawarar kada infliximab ya gaza maikirogiram 5 a kowane mililita na jini, adalimumab kuwa 7.5. In an tarar magani ya yi ƙaranci, kuma babu makaman nan a jini, sai a ƙara yawansa ko a rage tazarar makonni. In makaman sun yi yawa, ƙarin ba shi da amfani, zuba ruwa ne a rariya. Sai a sauya wani, galibi a haɗa da azathioprine don jiki ya yi sanyi. In kuwa maganin ya wadata amma ciwo na nan, to, ba ta hanyar TNF yake zuwa ba, sai a nemi wani jinsin dabam, kamar vedolizumab.

Abin da masana ba su gama daidaitawa a kai ba shi ne, a jira ciwo ya motsa kafin a auna, ko kuwa a riƙa aunawa tun ana lafiya? Binciken da aka yi a Beljiyam aka buga a 2015 bai ga bambanci ba wajen yawan waɗanda ciwonsu ya lafa bayan shekara, ko da yake waɗanda ake aunawa a kai a kai ba su cika samun dawowar ciwo ba. Wani na ƙasar Norwe a 2021, wanda ya haɗa da masu ciwon gaɓoɓi da na fata, ya sami wajen kashi 74 cikin 100 na waɗanda ake aunawa sun shekara lafiya, a kan kashi 56 na sauran.

Wani zai ce ina ruwan Basakkwace da wannan, alhali maganin kansa ya fi ƙarfin albashin ma'aikaci? A ganina tsadar ce ma hujja. Ƙasar da inshora ke biya tana iya ƙara magani bisa zato. Magidancin da ya sayar da gona ko ya ci bashi don kwalabe kaɗan, shi ya fi kowa bukatar ya san ko abin da ake ɗura masa yana zama a jikinsa.

Sai dai a Sakkwato akwai tambayoyin da ke gaban awon. Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa, kuma tarin fuka na hanji yana kama da ciwon Crohn ƙwarai da gaske. Wanda aka ba infliximab bisa kuskure, ko yana da tarin a kwance a jiki, ciwon na iya tashi ya bazu. Don haka tilas a duba ƙirji, a gwada ciwon hanta, a kuma binciki bayan gida saboda ƙwayar atuni. Ga kuma zafi. Maganin na bukatar sanyin firij, tsakanin digiri 2 da 8, a garin da zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta da alkawari.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ne madogarar majiyyata daga Sakkwato da Kabi da Zamfara, har da maƙwabta daga Jamhuriyar Nijar. Wanda duk ke kan wannan magani, ya taso daga Illela ko Argungu, ya kamata ya riƙe takardar da ke nuna ranar da aka yi masa ƙarin ruwa na ƙarshe da yawan abin da aka ba shi, ya kuma tuntuɓi likitansa a kan awon tun ba a ɗaura ruwa ba. Jinin da aka ɗiba bayan an ɗaura zai nuna magani ya yi yawa ko da kuwa jiya babu ko ɗigo.