Dalilin da Ke Sa Kwamfuta Ta Yi Shiru Alhali Tana Jiran Amsa

Duk wanda ya saba ba kwamfuta umarni a rubuce, layi bayan layi, ya san wannan matsala: an tayar da manhaja, allo ya tsaya cik, ba tambaya, ba amsa. Sau da yawa ma'aikaci kan zaci na'ura ta lalace, ya kashe ta, aikin yini guda ya salwanta. Alhali kuwa shi manhajar take jira, tambayarta ce ta maƙale a hanya.

Asalin al'amarin yana cikin tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma ginawa a ɗakunan bincike na Bell, a Amurka, cikin 1969. A wannan tsari kowace manhaja tana da ƙofofi uku: ta 0 domin karɓar bayani, ta 1 domin fitar da sakamako, ta 2 kuwa domin sanar da kuskure.

To, fitar da haruffa ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne ga na'ura. Saboda haka manhajojin da aka rubuta da harshen C sukan tara su tukuna a wata ma'ajiyar wucin gadi, kamar yadda direba kan jira fasinja a tasha. Idan allo za su, da ƙarewar kowane layi mota ta tashi. Amma idan an karkatar da su zuwa fayil, ko ta bututu zuwa wata manhaja, sai ma'ajiya ta cika, galibi da haruffa 4096, ko kuwa aiki ya ƙare. Nan ne tambaya kan maƙale. Ƙofa ta 2 ba ta jiran kowa, shi ya sa saƙon kuskure kan riga sakamakon da ya gabace shi bayyana.

Maganin kuwa ba shi da wuya. Mai rubuta manhaja ya sa umarnin fflush bayan kowace tambaya, wanda ke tilasta wa motar tashi ko ba ta cika ba. Shi kuma mai aiki da ita, kafin ya kai hannu ga makunni, ya sake tayar da ita ba tare da bututu ba. Muddin tambaya ta fito a allo, to, na'ura lafiya take, laifin na ma'ajiya ne. Hausawa dai sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.