Babur da Yadda A Ke Kula da Shi

Babur abin hawa ne mai ƙafa biyu kamar keke, sai dai shi inji ke tafiyar da shi. A ƙasar Jamus aka fara ƙera babur mai shan fetur, cikin shekarar 1885. Waɗansu gwanaye biyu ne suka yi shi, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach. Da katako suka yi jikinsa, gudunsa kuwa bai kai na doki mai sukuwa ba. Yanzu da wuya a sami ƙauye a ƙasar Hausa wanda babur bai shiga ba. Shi ke kai manomi kasuwa, ya kai malami makaranta, shi ne kuma a kan tasa da tsakar dare a kai majinyaci asibiti.

Mai doki ba ya jira sai dokinsa ya kwanta sa'an nan ya kula da shi. Kullum ya kan ba shi harawa da dusa, ya shayar da shi, ya duba kofatonsa. To, babur ma haka ya ke so. Makanikai suna cikin gari, amma babur ba ya zaɓen wurin mutuwa. Ya kan tsaya a dokar daji, ga rana ta kusa faɗuwa, ga kuma maras lafiya a baya. A wannan wuri ba mai taimakon mutum sai Allah, sai kuwa abin da ya koya da hannunsa.

Kafin mutum ya iya gyara, sai ya san abin da ke gudana cikin inji. Akwai wata tukunyar ƙarfe da a ke kira silinda. Cikinta akwai fistan, wanda ke hawa yana sauka kamar taɓarya cikin turmi. In fistan ya sauka, sai ya zuƙo iska gauraye da fetur. In ya hau, sai ya matse su ƙam. Daga nan fulogi ya ƙyasta wuta, fetur ya kama, ƙarfin wutar ya tunkuɗa fistan ƙasa. Da ya sake hawa sai ya kori hayaƙi waje ta salansa. Wannan aiki huɗu ya kan maimaitu sau dubbai cikin minti guda, shi ne ƙugin da a ke ji. Watau abu uku inji ke bukata: fetur, da iska, da wuta. In babur ya mutu, yawanci ɗaya daga cikinsu ne ya yanke, saboda haka su a kan fara bincikawa.

Fetur shi ne mafi sauƙin dubawa. A girgiza babur, a kasa kunne a tanki. Kada a kuskura a ƙyasta ashana don a leƙa ciki, gama tururin fetur ya kan kama wuta tun kafin ashana ta taɓa man. In da mai, sai a duba ko makunninsa a buɗe ya ke.

Fulogi kuwa ɗan ƙaramin abu ne, bai fi yatsa tsawo ba, amma shi ke ba da labarin lafiyar inji. A bari inji ya huce, a cire wayar da ke kansa, a kwance shi da sufanarsa. Noti da fulogi duk hagu a ke juya su in za a kwance, dama in za a ɗaure. Sa'an nan a dubi bakinsa. In launin ƙasa-ƙasa ne, inji lafiya lau. In ya yi baƙi da kunkunniya kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa, ko kuwa iska ba ta isa. In ya yi fari fat, fetur ya kasa, inji yana zafi fiye da kima. Sai a goge bakin sarai. Akwai 'yar tazara tsakanin ƙarafa biyu na bakin, inda wuta ke tsallakawa. A ƙananan babura ba ta kai milimita ɗaya ba, wajen 0.6 zuwa 0.7 ce. In ana so a gwada, sai a mai da wayar, a jingina fulogin da jikin inji nesa da raminsa, a taka kik. In lafiyayye ne za a ga wuta shuɗiya tana tsalle, ƙyas ƙyas. Ba a riƙe shi da hannu lokacin nan, don ya kan fizgi mutum har kafaɗa. Mai hankali ba ya rabuwa da sabon fulogi guda cikin jakarsa.

Iska ita ce inji ya fi ci. In an auna da nauyi, kashi ɗaya na fetur ya kan so wajen kashi goma sha biyar na iska. Kafin ta shiga, sai ta bi ta cikin matata, wadda ke tare ƙura. Da hunturu, ko a hanyar da ba kwalta, matatar ta kan toshe da wuri, sai babur ya riƙa shan mai da yawa, ga kasala wajen hawan tudu. In ta soso ce, a wanke ta da kananzir, a matse, a shanya, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan. In ta takarda ce ba a jiƙa ta, kakkaɓewa a ke yi, ko a sake wata. Waɗansu su kan cire ta su yar, wai don babur ya ƙara gudu. Wannan wauta ce, don ƙura yashi ce mai laushi, in ta shiga ta kan goge fistan da silinda kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa.

Sai baƙin mai. Shi ba ƙonewa ya ke yi ba, aikinsa ya sulɓaɓa ƙarafa kada su ci juna, ya kuma rage musu zafi. Ƙaramin babur ba ya ɗaukar fiye da wajen lita guda. A jikin murfinsa akwai ɗan sanda mai alama biyu. A tsai da babur sosai a wuri mai daidai, a goge sandan, a tsoma, a ga ko man yana tsakanin alamun nan. In lokacin juye ya yi, a kan juye tun inji na da ɗumi, don man ya fi tsiyayewa. Littafin da ke zuwa tare da babur ya faɗi nisan tafiyar da za a yi kafin a juye, mai bin hanyar ƙura kuwa gara ya juye tun lokacin bai cika ba. Tsohon man a zuba shi cikin galan a rufe. Ba a zubar da shi kusa da rijiya, gama ya kan nitse cikin ƙasa ya ɓata ruwan sha.

Sarƙa ke kai ƙarfin inji ga ƙafar baya. In an taɓa tsakiyarta da yatsa, ya kamata ta motsa kamar santimita biyu zuwa uku. In ta saki ƙwarai ta kan zame ana cikin gudu, ta sarƙe ƙafa, ta ka da mahayi. In ta ɗaure ƙwarai ta kan cinye haƙoran da ta ke bi. A kan wanke ta a sa mata mai, amma sai an kashe inji tukuna. Sarƙa mai juyawa ba ta san yatsa ba.

Facin taya kusan ɗaya ne da na keke. A hura tif, a tsoma cikin ruwa, inda kumfa ya fito nan hujin ya ke. A kankare wurin, a shafa sholisho, a dakata ya sha iska, sa'an nan a manna faci. Abin da a kan manta shi ne a shafa cikin taya a hankali a cire ƙayar ko ƙusar da ta yi ɓarnar. Birki kuwa kowace safiya a ke gwada shi, na gaba da na baya, tun ba a fita ƙofar gida ba.

Akwai inda gyaran gida ya tsaya. In inji na ƙara daga ciki kamar ana buga ƙarfe, ko yana fid da shuɗin hayaƙi alhali da ba ya yi, wannan aikin makanike ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma ko an kai gareji, ya fi kyau mai babur ya tsaya ya duba, ya yi tambaya, don haka makaniken ma ya koya.

Yara suna iya taimakon iyayensu wajen wannan aiki. Su ɗebo ruwan wanki, su miƙa sufana da filaya, su jera notuna a kan faranti bi da bi yadda aka kwance su, don kada su ɓace cikin ƙasa. Sai dai su yi nesa da salansa, gama ta kan daɗe da zafi bayan an kashe inji, tana kuwa saɓule fatar ƙafa nan da nan. In kuma za a ta da babur don gwaji, a fitar da shi tsakar gida. Cikin hayaƙinsa akwai wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, in ta taru a rufaffen ɗaki ko zaure ta kan sumar da mutum, har ta kashe shi, bai ji zuwanta ba.