Yadda Bushewa Ke Sauya Halin Ledar da Ke Samar da Lantarki

Ko ka san akwai wata irin leda da in ka danna ta ko ka lanƙwasa ta, sai ta fitar da ɗan ƙaramin lantarki? Sunanta PVDF, kuma wani masanin Japan, Heiji Kawai, ne ya gano wannan hali nata a 1969. Ana amfani da ita a na'urorin da ke jin motsi da taɓawa, da masu sauraron sauti a ƙarƙashin teku. Sai dai ba kowace ledar PVDF ce ke da wannan baiwa ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke raba su shi ne yadda aka busar da ita.

Ga yadda ake yin ta a ɗakin bincike. Ana zuba garin PVDF cikin wani ruwan sinadari mai narkar da shi, galibi wanda ake kira DMF, har ya yi kauri kamar zuma. Sai a shimfiɗa shi a kan gilashi, a bar ruwan ya tafi a tururi. Abin da ya saura shi ne ledar.

To, me ke faruwa a ciki lokacin bushewar? PVDF dogayen sarƙoƙi ne na kabon, ɗauke da fulorin da haidirojin. Yayin da ruwan ke ƙafewa, sarƙoƙin na matsowa kusa da juna suna jeruwa. Idan suka miƙe, fulorin duk ya koma gefe guda, haidirojin ɗaya gefen, sai gefen fulorin ya fi jan lantarki. Wannan jerin ake kira beta, kuma shi ake nema. Idan kuwa suka murɗe, caji na wannan sarƙa ya soke na waccan, an samu jerin alfa ke nan, wanda ko ka danna ba ya ba da komai.

Zafi ne ke yanke hukunci. DMF sai ya kai digiri 153 a ma'aunin Selshiyas yake tafasa, don haka a ƙasa da digiri 70 a hankali yake ƙafewa. Wannan jinkirin ke ba sarƙoƙin damar miƙewa, sai beta ya yi rinjaye. In aka kai zafin sama da digiri 110, ruwan na gudu da sauri, alfa ya mamaye.

Za ka ce ai shi ke nan, a riƙa busarwa a hankali. Da sauran magana. Ledar da ta bushe a hankali takan fito fara fat, cike da ƙananan ramuka inda ruwan ya zauna kafin ya fita. Damshin iska ma na ƙara ramukan, domin PVDF ba ya jituwa da ruwa. Irin wannan leda ba ta da ƙwari, kuma tana iya huje wa idan aka sa mata lantarki mai ƙarfi. Alhali wannan mataki dole ne, don shi ke juya sarƙoƙin su fuskanci waje guda.

Shi ya sa masu yin na'urar jin motsi sukan bi ta bayan gida. Su yi leda marar rami mai jerin alfa, sannan su ja ta a wajen digiri 80 har tsawonta ya ninka sau huɗu ko biyar. Jan ne ke miƙar da sarƙoƙin su koma beta.

Ramukan kuma suna da nasu masu so. A batirin litiyam, ana buƙatar siririyar leda tsakanin ɓangarori biyu, wadda za ta hana su haɗuwa amma ta bar ƙwayoyin litiyam su wuce. Matatun ruwa ma leda mai ramuka suke so. Saboda haka kafin mai bincike ya kunna na'urar busarwa, sai ya fara sanin aikin da ledar za ta yi, sannan ya zaɓi zafin da ya dace.